Tayar Baya Ta Yi Sanƙo

Baban Auta,

"Mama, me ya sa tayar Baba ta yi sanƙo irin kan Kawu?" Tambayar da 'yarka ta yi mini ke nan jiya, a gaban Kawun kuma. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Da safen nan na duƙa na duba tayoyin babur ɗinka da idona. Ta gaba sabuwa fil, ta baya kuwa tsakiyarta ta cinye sumul, har zare ya fara leƙowa. Kai da ka ce mini ka canja duka biyun! Wato ta gaba ka saya don ita ido ke fara gani? Ta baya ce ke ɗaukarmu, ni da yarinya da jaka. A kanta kake so mu yi tafiyar wuni guda gobe zuwa wurin Inna?

Na wuce aiki. Ban tashe ka ba don kada bakina ya faɗi abin da zan yi nadama. Makulli yana jakata, sai ka tura babur ɗin zuwa wurin mai faci. A sa sabuwa irin ta gaba, ta hawa kwalta, ban da ta hannu da aka sake wa zane da wuƙa. Iska kuma a auna, cikawar da kake yi ce ta cinye tsakiyar.

Wallahi in na dawo na tarar da wannan tayar, 'yata ba za ta hau ba, kuma kai za ka yi wa Inna bayani.