Tahamisin Waƙar Malam Barau

Alhamis, 3 ga Rajab, 1287
Malam Barau na Gwaram ya aiko da waƙarsa ta harin da aka kai Farin Dutse bara, wai in yi mata tahamisi. Da ma na raina shi, mutumin da ko gaisuwa sai ya yi in'ina. Na karanta baitocin farko, na ajiye takardar, na sake ɗauka. Ƙwar biyu ce, wato ɗango biyu-biyu, kowane baiti ya sauka a kan "ya", babu wanda aka jawo da ƙarfi. Tsarki ya tabbata ga mai ba da baiwa inda ya so!

Litinin, 7 ga Rajab
Aiki na tafiya. Ƙa'idar tahamisi ita ce in ɗora ɗango uku nawa a kan biyunsa, amon nawa ya bi na ɗangonsa na farko, kari ya zama ɗaya. Nasa ba a taɓawa, ko wasali. Karin kuwa sai ka ce sukuwa, ina rerawa ina jin kofato a ƙirjina.

Juma'a, 11 ga Rajab
Na iso wani baiti da ban san yana nan ba.
"Na ga Ɗanbala kwance bakin fadama,
Ni na rufe idonsa, ya bar duniya."
Ɗanbala ɗana ne. Ni da nake gaya wa duk Birnin Kudu kama shi aka yi, zai dawo. Matarsa A'i na ɗakinta tana jira, don ni na hana ta takaba.

Asabar, 12 ga Rajab
Ban taɓa alƙalami ba.

Juma'a, 18 ga Rajab
Na gwada "an ce", na gwada "wataƙila". Duk ɗangon da na sa shakka a ciki, da ya kai ga nasa sai ya karye. Na so in tsallake baitin, sai na ƙasa ya rasa madogara. Abin har tsoro yake ba ni. A'i ta kawo fura, ta ce, "Baba, waƙar ta ƙi ne?" Na ce mata tawada ce ta yi ruwa.

Alhamis, 24 ga Rajab
Ɗango ukun sun zo bayan azahar, sun zauna daram. Addu'a ce duka, irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu. Ba wai na yarda ba ne, ƙa'ida ce ta so haka.
Na kira A'i na rera mata baitin. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a tabarmata. Ban hana ta ba.