Ranar da Bijimin Alhaji Mudi Ya Rabe Biyu a Jikin Bango

Zuwa ga Shugaban Sashen Manhaja,
Kamfanin da ya ƙera katin hoton da ke cikin kwamfutata.

Yallaɓai, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Mu nan Dutsin-Ma sai godiya, an yi girbi lafiya.

Sunana Lawal Isiyaku, malamin gona ne ni, ina zagayawa daga Karofi har ƙauyukan Kurfi. Ban san ko kana jin Hausa ba, amma kamfani kamar naku ba zai rasa tafinta ba.

Da na lura manoma sun gaji da jin bakina, sai na koma ɗaukar bidiyon waɗanda aikinsu ya yi kyau a cikinsu, in tace a kwamfuta, in haska da majigi. Manomi ya fi yarda da maƙwabcinsa a kan ni. Kwamfutar ta hannu ce, katinku na ciki, shi ke ɗaukar nauyin hoto. Ƙanwar matata, Malama Rabi, mai koyar da kwamfuta a sakandare, ita ta sa mini Linux, manhajar kyauta da masu sa kai ke ginawa. Damina biyu muna zaman lafiya. Ga abin da ya biyo baya.

1. Wata safiya na sabunta manhajar, na kunna, allo ya yi baƙi ƙirin. Malama Rabi ta bincika, ta ce Linux ta koma wani sabon tsari na nuna hoto a allo, ku kuma kun daina gyara direban katina, wato 'yar manhajar da ke sa kati da kwamfuta su fahimci juna. Kun daina, kun kuma kulle sirrinsa, babu mai iya taɓawa. Ta yi 'yan dabarunta hoto ya dawo, amma ta ce in bi a hankali.

2. Ban bi ba. Na naɗe kwamfutar a bargo, na ɗaure bayan babur, na nufi Rawayau wata Asabar bayan azahar. Muka toshe tagogin wani ajin makaranta da tabarmi, aka tada janareta, maza gaba, mata baya. Fim na farko na kiwon turke ne, tauraronsa bijimin Alhaji Mudi, wanda duk garin ke alfahari da shi. Yana fara tafiya a bango sai hoton ya tsage, tozo da ƙaho suka yi gaba, ƙafafu suka tsaya baya. Alhaji Mudi ya miƙe ya ce, "Malam Lawal, ni dai lafiya lau na ba ka shi ka ɗauka." Har liman sai da ya share hawayen dariya.

Ni ma na dara, amma fim na biyu ya hana ni ƙarasawa. Inna Talatu ce a ciki, wata dattijuwar garin mai nuna yadda ake ɗaure wake a buhu mai leda biyu, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an barbaɗa magani ba. Saboda shi matan suka bar aikinsu suka zo, don har yanzu akwai gidajen da ke zuba guba a waken da yara za su ci. Daidai inda ta kama bakin ledar za ta murɗe, hoto ya daskare. Na kashe na kunna sau uku, shiru. Ƙarshe, da yake ita ba ta gari ranar, ni na aro buhu na gwada da hannuna, ɗaurin kuwa bai yi ko rabin nata kyau ba.

3. Na rubuta wa sashenku na taimako. Amsar ta zo da ladabi, ban musa ba, amma abin da ta ce shi ne in sayi sabon kati. Yallaɓai, katin nan lafiyarsa ƙalau, ko zafi ba ya yi. Waɗanda suka tsaya mini su ne masu sa kai a wani dandalin intanet, mutanen da ban taɓa gani ba. Sun nuna wa Malama Rabi yadda za ta mayar da ni tsohon tsarin, suka kuma faɗa mana gaskiya cewa shi ma ana shirin ajiye shi. Akwai direban da suka rubuta da kansu, sai dai lalube suke cikin duhu, shi ya sa fim ɗin minti goma ke cin yini kafin ya fito.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Ko dai ku ci gaba da gyara direban tsofaffin katunanku ya dace da sabon tsarin, ko kuwa, in kun gaji, ku saki bayanansa ga masu sa kai, sun ce a shirye suke. Sannan ku rubuta ƙarara a shafinku wane kati ke aiki da wane tsari, kada mutum ya sani a gaban jama'a kamar ni.

Na koma Rawayau da tsohon tsarin, fim ya tafi sumul, mata suka ga ɗaurin har ƙarshe. Inna Talatu ta kalli kanta tsaf, ta ce mayafinta ya karkace, lallai a sake ɗauka baɗi, kuma wannan karon har da gero za ta nuna. Na amsa mata da to. Cika wannan alkawari yana hannunku.

Allah ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, ya ba ma'aikatanka basira, ya sa takardar nan ta same ka ranar da kake cikin nishaɗi.

Wassalam.

Naka,
Lawal Isiyaku,
Dutsin-Ma.