Mai-ɗinki a Cikin Anguryar Inna

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikinki, ya maigidan, ya 'ya'yana? Ki ja min kumatun ƙaramin. Na san za ki yi dariya, wai yau ni ce da biro da takarda, ni da kike cewa da waya a hannu aka haife ni. Na gwada yi miki saƙon murya, kuka ya ƙwace min, na goge.

Yaya, jiya na buɗe ɗakin Inna. Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa ƙofar. Ina turawa sai wasu ƙananan ƙwari ruwan toka suka tashi suka yo fuskata, wallahi sai da na yar da makullin. Komai yana nan, har ɗankwalinta a kan ƙusa. A tsakar ɗakin kuma faifanta ne, da anguryar da take tsincewa ranar da ciwon ya kayar da ita. Ta ware ɗan tsibi a gefe, sauran ba ta kai gare su ba. Kujerar ma a karkace take, kamar yanzu ta tashi shan ruwa.

Kin tuna abin da take tsincewa? Mai-ɗinki. Tsutsar nan ja-ja da ke shiga cikin angurya ta haɗe ƙwaya biyu da zarenta, ta kwanta a ciki sai ta ji damina. Kowa tsutsar auduga yake cewa, Inna ce kawai ke ce mata mai-ɗinki, wai haka Kaka ke faɗa. Na rubuta sunan a waya, teloli kawai suka fito min da kekunansu. Na sa hoto a guruf ɗinmu, wata ta ce ita ba ta taɓa ji ba, wata ta tambaye ni ko sabon salon atamfa ne.

Baba ya ce in kwashe a ƙone, malamin gona zai kawo sabon iri mai magani. Amma irin Kaka ne fa, ita ta ba Inna, ba a kuma taɓa bari ya yanke ba. Na ɗauki ɗan tsibin da ta ware na ƙulle a bakin zanena. Wannan ai hannunta ya riga ya bi ta kansa.

Ki gaishe min da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin warke daga murar nan. Mu lafiya lau, sai dai Baba da ƙafarsa.

Na shuka su! A ɗan filin bayan gida, jikin gonar Kawu. Sun fito kore shar, kin dai ga hotunan da nake ta damun ki da su. Kawu ya wuce ya ce oh, yau 'yar waya ta zama sarkin noma, Allah ya sa audugar ma da caji take girma. Na ce masa ai ta fi tasa tsayi, ya kai min duka da hula.

Abin da ban tura miki ba shi ne hoton shekaranjiya. Furanni sun fara, sai na ga ɗaya ya ƙi buɗewa. Bakinsa a murɗe, an kama ganyayyakin da zare siriri, tsaf-tsaf, irin yadda Inna ke ƙulle bakin buhu. Na ɓare shi, ga mai-ɗinki a ciki tana motsi. Na duba na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Yaya, tun lokacin tunani ɗaya ke cina. Ashe ban san wane tsibi ne na kirki ba. Inna ba da ido kawai take tsincewa ba, matsawa take da farce tana kasa kunne. Wataƙila wanda ta ware ɗin shi ne na zubarwa, ni kuma na ɗauka na shuka da hannuna. Ba wanda zan tambaya. Da rana tsaka ina tsaye cikin kunyoyin, sai in ji kamar tana bayana tana ɗan tsakin nan nata na in an yi aiki ba daidai ba. In na waiga, ganye ne kawai.

Kada ki faɗa wa Baba tukuna.
Taki har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran. Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ba sai kin ɓoye ba, Kawu ya gani da kansa. Ya zo da malamin gona. Mutumin kirki ne, bai yi min faɗa ba, ya tsuguna ya fasa ƙwallo ɗaya ya nuna min. Waje lafiya ƙalau, ciki ya ruɓe. Ya ce da zarar ta shige ciki feshi ba ya kai mata, kuma in aka bari ta yi fukafukai, gonar Kawu za ta faɗa, daga nan ta maƙwabta. Na ce a bar min ko gindi ɗaya in sami iri. Ya ce ƙanwata, a cikin irin take kwana.

Kawu bai yi min tsiya ba ranar, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi audugar gonarsa ita ce abincin gidansa na bana, amma 'yar'uwarsa ce ta bar irin, shi ba zai sa hannu ya tuge ba. Ya juya ya tafi.

Ni na tuge su, Yaya. Gindi-gindi, har hannuna ya yi kanta. Na koma ɗaki na kwaso sauran na kan faifan na zuba a kai, na ƙyasta ashana. Anguryar tana fashewa cikin wutar, ƙas, ƙas, daidai ƙarar farcen Inna in tana matsawa. Na tsaya har ta cinye. Ban ɗauki hoto ba.

Irin Kaka ya ƙare a hannuna. Gonar Kawu kuwa malamin ya zagaya ya ce da sauƙi, an tare da wuri.

Don Allah kada ki rubuto min in yi haƙuri, kowa ya faɗa min. Abu ɗaya nake so. Duk gidanmu ke ce mai muryar Inna. Ki shiga ɗaki inda yara ba sa ihu, ki yi min saƙon murya, ki ce Auta, kawo faifai mu tsince mai-ɗinki. Haka kawai, kada ki ƙara komai. Na sa data, ina jira.

Ƙanwarki mai kewar ki,
Auta