Tabar da Gwaggo Ta Mayar

Zuwa ga ƙanwata Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, kuma ƙafar nan taki ta daina kumburi. Ubangiji ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Tafki ya fara daskarewa, maigidana Clifford ya kwashe tarunsa, bututun ruwanmu kuwa har yau ba a gyara ba, sai alkawari.

Maganar wasan kwaikwayon ɗiyarki Tanis ce ta sa na ɗauki biro, kuma wallahi raina a ɓace yake. Kin san bara ta zo nan yankin da gwamnati ta keɓe mana mu 'yan asalin ƙasa, ta miƙa wa Gwaggo Delphine taba a ƙulle cikin jan ƙyalle, kamar yadda ake yi idan ana roƙon tsoho labari. Gwaggo ta karɓa, ta ba ta labarin ranar da mutanen gwamnati suka zo kwashe yara da ƙarfi zuwa makarantar kwana, yadda ta zuba mu a kwalekwale ta kutsa cikin ciyawar tafki, ta toshe bakinki da gurasa don kada ki yi kuka. Abin da ba mu sani ba, ashe ba ta zuba tabar a wuta ba kamar yadda ake yi in an amince da roƙon. Ajiye ta ta yi, wai sai ta ga abin da za a yi da maganarta.

To, mun gani. Ranar Asabar muka cika mota mu mata zuwa birnin Winnipeg kallon wasan, Gwaggo ta sha siket ɗinta na gargajiya mai adon ribin, ƙawarmu Verna tana tsokanarta wai yau tsohuwa za ta samo mijin birni. Aka buɗe labule, sai ga tsohuwar mota ba taya, kwalabe ko'ina, mata suna zagin juna. Mai fitowa a matsayin Gwaggo, da sunanta fa, ta shigo tana tangaɗi. Har cikin kwalekwalen da kwalba a hannunta, Lorna! Matar da giya ta kashe mata miji, wadda ko ƙanshinta ba ta yarda ya shiga gidanta ba. Ba wadda ta jeme fata, ba wadda ta busar da kifi, ba wadda ta yi dariya ko sau ɗaya. Verna ta raɗa min cewa in haka muke, to wa ya yi renon 'yar banzar da ta rubuta? Turawan da ke gefenmu kuwa sai sharar hawaye suke, wata har ta dafa hannuna ta ce na yi ƙoƙari da na rayu. Na janye hannuna.

Da aka gama, Tanis ta kira Gwaggo kan dandali. Ta hau da sandarta a hankali, ta ciro jan ƙullin nan daga aljihu, ta danƙa mata a tafin hannu. Zauren kaf ya miƙe da tafi, su a tunaninsu albarka ake sa mata. Tanis dai ta gane an mayar mata da roƙonta, don fuskarta ta yi fari fat. A waje ta biyo mu tana kuka, wai mai tsara wasan ne ya ce in babu kwalba mutanen birni ba za su yarda gaskiya ne ba. Gwaggo ta ce mata, "Yarinya, ni na tuƙa kwalekwalen nan, ba shi ba."

Wata mai zuwa za su fara yawo da wasan gari gari. Ki kira ɗiyarki, ki ce ta cire kwalbar ko ta cire sunan Gwaggo, sannan ta zo da sabuwar taba da ƙafarta. Ni na yi magana ta ƙi ji, amma ke ce aka toshe wa baki da gurasa, ke za ta saurara.

Ki gaida maigidanki Russell da su Keira. Clifford da Verna suna gaishe ki. Na tambayi Gwaggo ko in isar da gaisuwarta ga Tanis, ta ce in gaishe ki kawai.

Yayarki,
Marjorie