Abin da Alli Ya Nuna

Daren Laraba, Bagudo.

Idanuna kamar an watsa musu yashi, amma sai na rubuta.

Bututun tururi na injin turara shinkafa ya tsage kusa da gwiwa. Alhaji mai injin ya ce in ɗora faci in zagaye shi da walda, ga shinkafar Kaoje a jiƙe tana jira. Na ce, "Alhaji, faci sai tankin ruwa. Wannan tururin in ya ɓalle, fatar mutum yake saɓulewa." Ya ce, "To mi kake so?" Na ce a yanke wurin a sa sabon guntu, in fiƙe bakunan, in haɗa su baki da baki yadda wutar walda za ta ci har ciki. Ya yi tsaki, amma ya yarda.

Da na gama haɗin farko, na shafa alli ta waje, na zuba kananzir ta ciki. Kafin la'asar allin ya jiƙe ta ƙasa, ɗan ɗigo guda: akwai kafar da kananzir ya bi. Waldata ce. Sau biyu na duba wurin da idona, na ce ya yi. Kuma daidai ƙarƙashinsa Malam Garba mai hura wuta yake ajiye kujerarsa.

Gobe zan gurje shi in sake, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni daban yake. Watan jiya na yi irin wannan haɗin a Zagga. Ana gaggawa, ban shafa alli ba. Da waɗannan idanun kawai na duba.