Rigar da Ba a Wanke Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya maigidan? Ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Direban gona zai ba ki wata baƙar leda tare da wannan takarda. Rigar aikina ce, wadda nake feshin maganin ciyawa da ita wata bakwai ke nan. Ki ɓoye mini ita nesa da yara, kuma don Allah kada ki wanke ta.

Ga dalili. Laraba mai zuwa masu duba lafiyar ma'aikata za su zo daga hukuma. Tun da Manaja ya ji, yake bin ɗakunanmu yana kwashe tsofaffin riguna yana ƙonawa. Ranar zuwansu mijinki zai buɗe sito ya raba mana fararen rigunan kariya da takunkumi da safar hannu, mu jeru kamar 'yan makaranta, mu ce kullum haka muke aiki. Motarsu na fita, a karɓe kayan a mayar cikin kwali. Bara ma haka aka yi.

Kin kuwa san yadda muke aikin? Injin feshin da muke goyawa na yoyo a gadon baya tun safe har azahar. In bakin bututun ya toshe, sai mutum ya kwance shi ya hura da baki, don ba a ba mu komai na gyara ba. Akwai abokin aikina da muke kira Mai Fito, saboda ba ya tafiya sai yana fito. Makon jiya ya hura, maganin ya dawo masa. Yanzu yana asibiti, leɓe duk ya saɓule, ko ruwa sai da cokali. Manaja ya ce gangancinsa ne.

Ni dai da wannan rigar zan tsaya a gabansu. Ki dawo mini da ita ran Talata. A gaida Inna.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Allah ya ba abokinka lafiya.

To, jarumi! Kai da har ka girma ba ka iya ɗaure igiyar shanya ba, yau kai ne za ka gyara gona guda? Ka manta wanda ya yi sintiri ofishin Manaja har sau uku kafin a ɗauke ka? Baban yara ne. Shi ne mai sito, shi ke cewa ya raba kaya kullum. In ka buɗe baki, ba Manaja za a kora ba, shi za a kora, kai kuma ka biyo shi a mota ɗaya. Sai mu zauna mu ci me, jarumtarka?

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa farar rigar da aka ba ka, ka yi shiru na awa biyu, ba mutuwa za ka yi ba. Ledarka tana bayan tankin ruwa. Gobe zan jiƙa abin da ke ciki da sabulu, a huta da fitina.

Allah ya shirya mini kai.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa, duk da wankin babban bargo da kika yi mini.

Ban manta alherin mijinki ba, kuma ba zan manta ba. Amma ya samo mini aiki ne, bai sayi bakina ba. Kin ce shirun awa biyu ba ya kisa. Shirun awa biyu na bara shi ya kwantar da Mai Fito bana. Jiya na je duba shi. Ya ga na shigo, ya tattara leɓe zai yi mini fito kamar yadda ya saba, iska kawai ta fito. Sai ya juya fuskarsa bango. Na yi kuka a bakin asibiti, ban ji kunyar kowa ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki. Wa kike zaton yake haɗa mana maganin a cikin duro kowace safiya? Mijinki ne, da sanda da hannu tsirara. Safar hannu ɗari na bayansa a kwali, an hana shi taɓa ko ɗaya. Tarin nan da yake ce miki na mura ne, shekara nawa ke nan?

Ki wanke rigar in kina so. Zan tuɓe a gabansu su ga bayana, shi dai ba ya wankuwa. In an kore ni, an kore ni da ƙafata.

Na gaida yara.

Auta

*

Auta,

Salama a gare ka.

Na ɗebo ruwa, na kwance ledar. Warin da ya buge ni na san shi, shi ne warin kayan Baban yara da nake wankewa shekara takwas. Na zauna ina kallon tafin hannuna da ke tsattsagewa. Sau uku ina canja sabulu, ina zagin masu yin sa.

Da ya dawo na shimfiɗa rigar a gabansa, na ajiye hannuna a gefenta. Daren nan bai taɓa abinci ba. Da safe ya ce ya san kansa, in Manaja ya zare masa ido zai buɗe sito ya raba. Don haka ran Laraba yana gida, ba inda za shi.

Ga rigarka, ban wanke ba. Ka laluba aljihun gaba, makullin sito ne da ya ba ni, kuma babu wani sai shi. Kada ka buɗe sai suna tsaye, su ga kwalayen da idonsu.

Ka ɗaga murya, ban da in'ina. Allah ya tsare.

Yayarka