Salwar da Ba Ta Gajiya

Durmitor, Talata

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwarki da kajinki. Mun iso lafiya, motar ta hau dutsen tana tari amma ta hau. Dragutin direban bas zan ba wasiƙar nan, kin san ya fi gidan waya sauri.

Mama, ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Kunnen Baba ya tafi fiye da yadda yake nuna mana a gida. Jiya cikin kurmi maƙwaƙwafi yana ta sarar itace a saman kanmu, har cikin haƙorina nake jin sa, Baba kuwa ya dube ni ya ce, "Dajin nan ya mutu, Zorka. Da can tsuntsaye ba sa barin mutum ya ji maganar na kusa da shi."

Kin kuma san ƙa'idarsa: in sauke shi tun da sauran duhu, in tafi, kada in dawo sai rana ta ɗaga. Idan ya sa rigar nan tasa mai kama da ciyawa ya kwanta da kyamara yana dakon tsuntsaye, ni kaina da na bar shi a wurin sai in kusa taka shi. Yau da na koma ɗaukarsa na tarar da sawun aladen daji, uwa da 'ya'yanta, sun bi dab da ƙafarsa. Bai ma san an yi ba. Da na nuna masa cewa ya yi, "To, kin ga rigar tana aiki ke nan."

Ya samu hoton mujiya da na barewa tana shan ruwa. Gobe za mu gangara bakin teku, Ulcinj. Ɗakin masuntan da za mu kama ba waya, ki riƙa aiko amsa wurin mai kofi na tashar bas.

Ki huta lafiya,
'Yarki, Zorka

Berane, Laraba

Zorka 'yata,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, kaji kuma sun fi ubanki hankali.

Yanzu kika san kurma ne? Ni na daɗe ina magana da bango a gidan nan. Jar rigar sanyin da na saƙa masa don a riƙa hango shi a daji, ƙarƙashin katifa na tsince ta, ya cusa ta can kamar abin sata. Wai tsuntsu yana ganin ja. Tsuntsu ne zai binne shi?

Kada ki yi masa gardama, ƙara kafewa zai yi. Ki dai sa ido. Ni ma ba barcin kirki nake yi ba.

Allah ya tsare min ku,
Mamarki

Ulcinj, Juma'a

Mama,

Ina gaishe ki, yau da labari mai daɗi. Jiya da magariba muna dawowa daga ɗaukar hoton kwasakwasa a fadama, sai Baba ya damƙe min hannu har sitiyari ya karkace. "Tsaya! Zorka, tsaya, na ji ta!" Salwa ce take kuka a wani filin ciyawa tsakanin hanya da teku. Ya fito ya tsaya, hula a hannu, hawaye na bin gemunsa. "Da kunnena na ji ta, 'yar nan. Da kunnena." Rabon da in ga fuskarsa haka tun ina ƙarama.

Salwar kuwa akwai murya, ban taɓa jin mai ƙarfinta ba. Ba ta hutawa, ba ta sauya wuri. Da asuba muka koma, tana nan tana yi daga gindin kurmi guda. Na ce masa ita wannan ba ta gajiya ne? Ya ce in bar masa sanin tsuntsu, ni in riƙe tuƙi.

Gobe ana sa ran ruwa, don haka ranar Lahadi zai shiga ciyawar ya kwanta kusa da ita. Nan ai ba alade ba kyarkeci.

Taki,
Zorka

Berane, Asabar

Zorka,

Gaisuwa sai daga baya. Karanta da sauri.

Wannan ba salwa ba ce. Ni 'yar bakin teku ce, kawunki Mirko a gabana yake haɗa abin: kaset na kukan salwa, batirin mota da lasifika. Da yamma ake ɓoye su cikin ciyawa, su kwana suna kira, salwar da ke ƙetare teku ta sauko ta taru a wurin. Gari na wayewa maharba su shigo a jere da karnuka, kuma ƙasa-ƙasa suke harbi, daidai gwiwa. Lahadi ce ranarsu, ba mai zuwa aiki.

Ubanki zai kwanta a tsakiyar wurin, cikin rigar da ba a ganinsa, da kunnen da ba ya jin kare. Ki ɓoye makullin mota, ki kulle shi a ɗaki, ki yi masa ƙarya, duk wadda kika ga dama. Ga jar rigar nan cikin ƙunshi.

Na durƙusa wa Dragutin ya kai yau. Ya Allah.

Mamarki

Asibitin garin Bar, Litinin

Mama,

Ina gaishe ki. Baba yana da rai, ko ƙwarzane bai yi ba. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Bas ɗin ya iso bayan mai kofi ya rufe. Sai jiya da na sauke Baba na je shan kofi aka miƙo min ƙunshinki. Ban san yadda na tuƙa motar ba. Ina isa na tarar da motoci a bakin filin, maza sun jeru da bindigogi, karnuka har sun shiga ciyawa. Na danna hon, na zura jar rigar, na faɗa filin ina ihu.

"Ke! Mahaukaciya ce? Fita daga nan!"

"Ubana yana cikin ciyawar nan!"

"Wane uba? Ba kowa a nan, 'yar'uwa, giyar jiya ce ba ta sake ki ba."

Mama, na duba ko'ina, ciyawa ce kawai. Ina kiran sunansa alhali na san ba zai ji ba. Sai na nufi inda kukan yake fitowa. Salwa ta tashi daga gabana, wani daga can gefe da bai lura da ni ba ya saki harbi. Na ji kamar an watsa min tafasasshen mai a ƙafa. Da na faɗi hannuna ya sauka kan wata wayar lantarki, na bi ta da rarrafe har batirin da ke cikin kurmi, na fizge.

Kukan na ɗaukewa sai wani tarin ciyawa ya ɗago kai, dab da inda karnuka suke. Baba ne. Wanda ya ce na sha giya ya jefar da bindigarsa ya dafe kai. Su suka kawo ni nan.

Ƙwayoyin dalma ne, an cire yawancinsu. Roƙona ɗaya: Baba bai ga batirin ba, yana zaton maharba ne suka kori salwarsa. Ita kaɗai ya ji cikin shekarun nan. Don Allah ki bar masa ita.

Taki,
Zorka

Bar, Litinin da yamma

Stanka,

Ina gaishe ki. Yarinya tana barci, zazzaɓi ya sauka.

Haske na fara fitowa jiya na ga lasifikar, tana gaban hancina. Na san mece ce, na kuma san su waye ke zuwa bayanta. Ina da lokacin tashi. Na ce bari in ƙara ji kaɗan, Stanka. Kaɗan kawai.

Likita ya ce ƙwaya biyu suna kusa da ƙashi, da su za ta rayu. Idan ta farka zan gaya mata da bakina cewa na ga lasifikar.

Ki zo a bas ɗin gobe.

Mijinki,
Vukota